Robar da Gwaggo Kande Ta Binne

Hafizu ya sake durƙusawa ya jawo kayan da ke ƙarƙashin gadon asibitin. Tabarma, buta, kwanon fura, takalman Baba. Babu baƙar ledar.

"Inna, ina ledar da na ajiye nan jiya?"

Ramatu tana zaune a ƙasa tana yi wa mijinta fifita da guntun kwali. Ba ta ɗago ba.

"Wace leda?"

"Inna."

Malam Zakari yana kwance, wuyansa naɗe da bandeji. Wani ɗan bututu ya leƙo daga tsakiyar bandejin, ta nan yake numfashi. Wata takwas muryarsa tana dushewa kafin a gane ciwon daji ne a maƙogwaro. Jiya likitocin da suka zo daga Yamai suka yanke ƙarin. Bayan aikin, majon ɗakin, wato babban nas, ya miƙa wa Hafizu wata roba mai murfi, an liƙe bakinta da filasta. Naman yana ciki, cikin ruwan magani. Ya ce a adana ta, da safe a kai wa lokotoro Tahira, ɗaya daga cikin likitocin, tare da takardu, ita za ta tafi da ita Yamai a auna.

"Gwaggonka Kande ta tafi da ita," in ji Ramatu daga ƙarshe. "Bayan asuba, kana masallaci."

"Ta kai ina?"

"Binnewa."

Hafizu ya tsaya yana kallonta.

"Kuma kina gani."

"Yayar ubanka ce. In ce mata me? Cewa ta yi naman ɗan'uwanta ba zai ƙara kwana a leda ba kamar saƙon mahauci."

Malam Zakari ya buga gefen gado da tafin hannu. Idonsa biyu, ya ji komai. Ya ɗaga yatsa ya nuna ƙofa. Hafizu ya fita.

Ya sami lokotoro Tahira a wani ƙaramin ɗaki tana jera robobi cikin kwali. Gajeriyar mace ce mai tabarau. Robobi bakwai ne a kwalin, ta bar gurbin ɗaya. Ya faɗa mata abin da ya faru a jimla biyu. Ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Ta buɗe?"

"Ban sani ba."

"In naman yana cikin ruwansa, ko a ƙasa yake bai damu ba. In ta fitar da shi ta wanke, kowace awa cinsa take. Kuma akwai zare da muka ɗaura masa, shi ke nuna mana sama da ƙasa." Ta dube shi. "Ka yi lakwal, makarantar boko?"

"Har tarminal, ajin ƙarshe na sakandare. Jarrabawar bak ta ƙi."

"To za ka gane. Abu biyu nake nema a naman nan. Na farko na babanka ne kai tsaye. Za mu duba gefe-gefen abin da aka yanke. In gefen tsaf yake, mun kwashe duka. In ciwon ya kai har bakin yanka, akwai saura a wuyansa, sai ya zo Yamai a gasa wurin da na'ura tun bai tashi ba. In babu naman, ba mu san ko wanne ba. Sai mu zauna jira, ciwon ya ba mu amsa da kansa."

Ta jawo wayarta ta nuna masa hoto. Ɗigo-ɗigo ne shuɗɗa, cunkus. A tsakaninsu akwai 'yan kaɗan masu ruwan ƙasa.

"Na biyu ke nan. Ba duk ƙwayoyin ciwon ke haihuwa ba. 'Yan kaɗan ne uwaye. A kashe dubu, uwa ɗaya ta tsira, bayan shekara ciwo ya dawo. A ido duk kamarsu ɗaya. Sai mu zuba musu rini, mai ɗauke da alamar ta kama launi. CD44, ALDH1, su muke bi yanzu. Ba mu tabbata ba tukuna ko su ne alamun da za a dogara da su. Shi ya sa nake tara nama daga waɗanda suka yarda. Babanka ya dangwala hannu a takardar yarda."

"Wannan na biyun zai taimake shi?"

"Wataƙila. Wataƙila sai na bayansa." Ta mayar da tabarau. "Motarmu ƙarfe uku za ta tashi."

Agogon bango ya nuna tara da rabi.

Gwaggo Kande ba ta riƙe waya. Ta ce ba ta magana da wanda ba ta ganin fuskarsa. Hafizu ya tayar da babur ɗinsa, wanda yake yawon gyaran injin ban-ruwa da shi, ya nufi Jiratawa. Can gidan Baba yake. In za a binne wani abu na Baba, ai can ne.

Gidan a kulle yake, kwaɗon ya yi ƙura. Ya leƙa ta katanga. Babu alamar an taɓa ƙasa. Ya wuce fadama, ya bi gefen kwalbatin ruwa tsakanin zogale da tattasai har filin Baba. Ya tarar da Jatau, tsohon abokin Baba kuma maƙwabcin filinsa, a tsugune cikin albasa da 'yar hauya.

"A'a, ɗan lakwal! Yaya mai jiki? Sun bar mashi maƙoshin zagina ko sun cire duka?"

"Da sauƙi, Baba Jatau. Gwaggo Kande ta zo nan?"

"Kande? Da ta zo ai da tsuntsaye sun watse. Lafiya?"

Hafizu ya faɗa masa. Jatau ya yi dariya har ya zauna a kan kunya, sannan ya ga fuskar Hafizu, ya haɗiye sauran.

"Kai, duk karatunka. Wa ya ce maka nan za ta kawo? Ubanka baƙo ne a Jiratawa, fili ya kawo shi. Cibiyarshi tana Tibiri. Can za ta haɗa su."

Hafizu ya rufe ido. Awa guda ta tafi a banza.

Jatau ya soka hauya ya ɓanɓaro wata ciyawa, saiwarta na jan wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin akuya.

"Ka ce ma ubanka aya-aya ta cinye mashi albasa. Sati uku kawai ya kwanta. Ka nome ganyen, kwana huɗu ta dawo tana yi maka dariya. Sai ka bi ta har ƙwayar." Ya jefa masa ɗaya. "Kai mashi tsaraba. Ka ce ban-ruwan filinshi na hannuna, kada ya damu."

Hafizu ya cafe ya sa a aljihu. Bai san dalili ba.

Tibiri tana ɗaya gefen Maraɗi. Dole ya sake ratsa gari. A bakin kasuwa wata babbar mota ta gitta tana sauke buhuna, amalanke da adaidaita suka cushe. Ya tsaya, rana na dukan ƙeyarsa. Ya tuna shekarar da ya faɗi bak. Baba bai ce komai ba, ya dai miƙa masa sufana ya nuna masa injin da ya mutu. Baba bai taɓa zama mai yawan magana ba. Amma rashin magana daban, rashin murya daban.

Sha biyu ta gota lokacin da ya jingina babur a ƙofar tsohon gidansu na Tibiri.

Ya yi sallama ya shiga, ya tsaya cak. An share tsakar gidan tas, daga zaure har bayan rumbu. An yayyafa ruwa ko'ina. Babu inda ƙasa ta bambanta da wani wuri. Gwaggo Kande tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin bedi tana ɓarar gyaɗa. Doguwar tsohuwa ce, da tsagen Gobir a kumatu.

"Sannu da gida, Gwaggo."

"Yawwa. Ina gajiya? Ina mai jiki? Ina uwarka?"

Ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Mansura, matar ɗan Gwaggo, ta kawo masa ruwa a kwano ta koma ƙofar madafa ta tsaya.

"Gwaggo, ina robar?"

"Tana inda ya dace da ita."

"Kin buɗe?"

"Sha ruwa."

Ya sha. Ya ajiye kwanon.

"Ina da shekara tara anka haihi ubanka a ɗakin can," in ji ta, ba ta daina ɓara ba. "Da idona na ga inda anka binne mabiyiyarshi. Cibiyarshi da ta hwaɗi, gashin sunanshi, kaciyarshi, duk suna gidan ga. Mu abin da ya hita jikin mutum ƙasa muke ba. Yanzu a ɗauki maƙoshinshi a kai Yamai, a yayyanka, in an gama a watsa bola? Ina raye?"

"Ba za a watsa ba."

"Kai ka gani? Kuma sun ɗaure shi da baƙin zare. Ta jikin robar na hango. Mi ya kai zare cikin naman mutum?"

"Ta jikin robar," Hafizu ya maimaita. "Ke nan ba ki buɗe ba."

"Ta ɗan ɗaga murfin," in ji Mansura daga ƙofar madafa. "Warin ya sa ta hawaye, ta mayar ta danne."

"Wa ya tambaye ki? Tuwonki ya nuna?"

 Naman yana cikin ruwansa. Saura a san inda yake.

Ya yi mata bayanin zaren, cewa alama ce ta sama da ƙasa. Ya yi mata bayanin gefen yanka. Ta ci gaba da ɓara. Ya laluba aljihu ya fito da ƙwayar da Jatau ya jefa masa, ya ajiye a bakin tabarma.

"Ciwon kamar aya-aya yake, Gwaggo. Sun nome ganye. Matar nan tana so ta duba ko ƙwayar ta rage. Tana neman alamar da ake gane uwar ciwon da ita."

Gwaggo ta ɗauki ƙwayar ta jefa wa kaji.

"Kada ka koya mani noma, ɗan nan. Tun ubanka bai iya ɗaura wando ba nike tonon aya-aya."

Akwai hauya jingine da rumbu. Hafizu ya dube ta, ya dubi faɗin tsakar gidan. Ko ya fara tono yanzu, sai magariba. Kuma gidan kakansa ne. Ya sauke ido.

"To shi ke nan," ya ce. "Kin binne guntu yau. Sauran sai ki jira bayan salla, a kawo miki shi gaba ɗaya."

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar. Mansura ta shige madafa.

 Kaji suna tsattsaga a gefe. Hafizu ya so ya janye maganar, bai san ta inda zai kama ta ba. Suna nan zaune har aka kira azahar.

Gwaggo ta sa aka kawo mata buta. Ta yi alwala a gefen tabarmar, ta yi salla a kanta. Hafizu ya yi tasa a zaure ya dawo. Biyu saura minti goma. Ta idar, amma ba ta tashi ba. Tana kallon ƙofar wani ɗaki da ya rushe rabi.

"Kakanka Gado, ba ka san shi ba. Haka muryarshi ta yi. Da damina ta hwara dushewa. Anka ce iska ce, anka yi mashi kiɗa kwana uku. Anka ce sammu ne, ya sha rubutu har ya gaji. Daga baya tuwo ya ƙi wucewa. Sannan kunu. Sannan ruwa." Ta share bakinta da gefen zane. "Ni nike ɗiga mashi ruwa da auduga. Munka binne shi cikakke. Ko farce bai ɓata ba."



"Cikakke," ta sake cewa.

Ta juyo ta dubi Hafizu.

"Matar ga. Abin da take nema, shina iya nuna ko ciwon bin gida yake? Ko yana jiran ka, kai da 'ya'yan da ba ka haihwa ba?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ita hwa?"

"Ita ma ba ta sani ba tukuna. Ta ce nema take. Ta ce gefen yankan dai za ta iya faɗa. Sauran wataƙila ya taimaki Baba, wataƙila sai na baya."

"Ita ta ce maka ba ta sani ba? Da bakinta?"

"Da bakinta."

Gwaggo ta jinjina kai a hankali.

"Duk waɗanda sunka yi ma Gado magani, babu wanda bai ce ya sani ba."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta janye kwandon gyaɗa. Ta naɗe tabarmar da take zaune a kai tun safe. A ƙarƙashinta ƙasar ta fi duhu, da sawun tafin hannu inda aka daddanna.

Hafizu ya nufi hauya.

"Bari. Ni na sa, ni za ni cire."

Da hannu ta tona. Ramin bai kai kamu biyu ba. Ta fito da ƙunshi cikin sabon farin ƙyalle, an ɗaure shi sama da ƙasa. Hafizu ya kwance gefe ɗaya ya duba. Murfin a rufe, ruwan yana nan, takardar sunan Baba da lamba ba ta goge ba. Ya miƙa hannu zai karɓa. Ta janye.

"Hannu da hannu za ni ba ta. In ga idonta."

"Gwaggo, babur ne."

"An ce maka ban taɓa hawa ba? Mansura, mayahina!"

Biyu da minti ashirin suka bar Tibiri. Ta zauna a karkace a bayansa, hannu ɗaya riƙe da rigarsa, ɗaya rungume da ƙunshin. In ya ƙara wuta ta ce zai zubar da ubansa a titi. In ya rage ta ce jaki ya fi shi. A mashigar gari ya bi ta lungunan unguwar Zariya don kauce wa cunkoson kasuwa, yashi na jan tayar baya. Ba ta saki ƙunshin ba ko sau ɗaya.

Motar likitocin tana harabar asibiti, an ɗaure kaya a sama, direba na zaune a mazauninsa. Lokotoro Tahira tana tsaye a gefe da kwalin a ƙasa, ba ta liƙe shi ba.

Gwaggo ta sauka ta gyara mayafi. Ta dubi likitar daga sama har ƙasa.

"Ke ce lokotoron? Ashe ma ƙarama ce."

"Ni ce, Inna. Sannu da hanya."

"Ɗiyar wa ce ke?"

Likitar ta faɗi sunan mahaifinta da garinsu. Gwaggo ta yi kamar tana auna sunan, sannan ta miƙa ƙunshin da hannu biyu. Likitar ma da hannu biyu ta karɓa. Ta kwance ƙyallen, ta ɗaga robar sama ta duba ta cikin haske.

"Zaren yana nan. Inna, kin adana shi fiye da yadda wasu ke yi."

"In kin gama dubawa, ki maido mani abuna."

"Zan maido, tare da sakamako, nan da sati uku. Amma ba duka ba. Akwai 'yan guntaye da za mu sa cikin kaki, su wurinmu za su zauna. Da su muke neman alamar."

"Kamar yaya girmansu?"

"Kamar farce."

"Farce ma binne shi ake."

"Haka ne, Inna."

 Direba ya leƙo ta taga. Gwaggo ta daɗe tana kallon kwalin da robobi bakwai a ciki, kowace da sunan wani.

"Waɗannan duk masu maƙoshi ne?"

"Biyar daga ciki."

"Kuma duk da danginsu." Ta ja numfashi. "To farcen ki riƙe. Ki duba da kyau, kada ki yi gaggawa. Ƙyallen kuma ki tahi da shi, cikinshi za ki maido sauran."

Likitar ta ninke ƙyallen ta sa a jakarta. Ta saka robar a gurbinta, ta liƙe kwalin. Ta ce wa Hafizu ya bar wayarsa a kunne ranar ashirin ga wata. Motar ta fita ta ƙofar asibiti uku da minti biyar.

A ɗakin marasa lafiya Ramatu ta miƙe da ta ga Gwaggo, ta rasa inda za ta sa ido. Gwaggo ta wuce ta ta tsaya a kan ƙanenta. Har yanzu akwai ƙasa a faratanta.

"To, na kai ka gida na maido ka. Yanzu kana hanyar Yamai. Kada ka harare ni, ba ka da bakin rama wa."

Kafaɗun Malam Zakari suka fara rawa. Bututun ya yi wani ɗan fito. Ramatu ta tsorata ta matso, sannan ta gane dariya yake. Ya dubi Hafizu, ya ɗaga gira.

"Ta tafi, Baba. Sati uku. Jatau ya ce ruwanka na hannunshi."

Malam Zakari ya lumshe ido.

Gwaggo ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta karɓi kwalin fifita daga hannun Ramatu ba tare da ta tambaya ba.

"Kai, ɗan nan. Bugo ma Mansura."

Hafizu ya fito da waya.

"In ce mata me?"

"Ka ce kada kowa ya cike ramin ga. Ta kihe tsohon kwano a kai, saboda kaji." Ta fara fifita a hankali, idonta na kan wuyan ƙanenta. "Ka ce kuma kada a ƙara mashi faɗi. Daidai roba ɗaya. Shi kaɗai za mu tona bana."